Wa ke da fim, darakta ko kamfani? Sharhi kan yarjejeniyar Ryan Coogler da Warner Bros.

A ranar 18 ga Afrilun 2025 aka fara haska fim ɗin Sinners a gidajen sinima na Amurka, amma tun kafin 'yan kallo su gama tofa albarkacin bakinsu a kan labarinsa, hankalin jaridun Hollywood ya riga ya karkata ga takardar da daraktan fim ɗin, Ryan Coogler, ya sanya wa hannu da kamfanin Warner Bros. Wasu manyan ma'aikatan kamfanonin fim da suka yi magana ba tare da an ambaci sunayensu ba sun nuna fargabar cewa irin wannan yarjejeniya za ta iya rusa tsarin da masana'antar ta daɗe a kansa, wasu kuma suka ce haƙƙi ne ya koma hannun mai shi. Mai karatun da ke nesa da harkar zai iya ruɗewa, domin a tunanin yawancin mutane, wanda ya rubuta labari kuma ya ba da umarni ai shi ke da fim. A Amurka ba haka abin yake ba, kuma sai an san dalilin hakan kafin a gane abin da ya tayar da ƙura.

Sharuɗɗa uku da ake magana a kansu

Kamar yadda jaridun masana'antar suka ruwaito, Coogler ya gindaya sharuɗɗa uku ga duk kamfanin da ke son ɗaukar nauyin fim ɗin.

Na farko shi ne ikon haɗin ƙarshe. Bayan an gama ɗaukar fim, akan zauna a yanke wasu wurare, a jera wasu, a sa kiɗa, har a fitar da abin da jama'a za su gani. Yarjejeniyar ƙungiyar daraktocin Amurka ta ba darakta makonni goma ya haɗa nasa kwafin a manyan finafinai, amma da zarar ya miƙa shi, kamfani yana da damar rage tsawonsa, ko cire wata fitowa, ko ma canza ƙarshen labarin baki ɗaya. Daraktan da ke da ikon haɗin ƙarshe shi ne wanda ba a taɓa masa fim sai da yardarsa, kuma irinsu ba su da yawa.

Na biyu shi ne kaso tun daga dalar farko. Kuɗin tikiti ba duka yake shiga aljihun kamfani ba, domin gidajen sinima suna riƙe kusan rabi. A abin da ya rage, yawancin waɗanda aka yi wa alƙawarin kaso sai sun jira kamfani ya cire kuɗin shirya fim, da na talla, da ladan rarrabawa, da kuɗin ruwa, sannan a ba su nasu daga ribar da ta saura. Matsalar ita ce a lissafin Hollywood sau da yawa ba a ganin wannan riba. Shahararren misali shi ne ƙarar da marubuci Art Buchwald ya kai kamfanin Paramount a kan fim ɗin Coming to America na 1988, inda kamfanin ya ce a takardunsa fim ɗin bai yi riba ba, alhali ya tara ɗaruruwan miliyoyin daloli. Wanda ke da kaso tun daga dalar farko ya tsallake wannan tarko, saboda ana cire masa nasa ne daga duk abin da ya shigo hannun kamfani, ko an mayar da uwar kuɗi ko ba a mayar ba.

Sharaɗi na uku shi ne ya fi jawo surutu: bayan shekara 25, wato a 2050, mallakar fim ɗin za ta bar hannun Warner Bros. ta koma hannun Coogler. Abin ya yi kama da mai jarin da ya gina shaguna a filin wani, ya yi shekaru yana karɓar haya har ya fanshe kuɗinsa da riba, sannan ya miƙa wa mai fili makullai.

Abin da dokar Amurka ta tanada

Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 ta ware wani rukuni na ayyuka da ake ɗauka a matsayin aikin haya. Idan kamfani ya ɗauki marubuci ko darakta aiki bisa wannan sharaɗi, a idon doka kamfanin ne mawallafin fim ɗin, shi kuwa darakta ma'aikaci ne da aka biya ladansa, kamar maginin da ya gina gida amma takardar gidan ba ta ɗauke da sunansa. Irin wannan mallaka tana ɗaukar shekara 95 daga ranar da aka fitar da aikin. Dokar ta ba mawallafa damar karɓe haƙƙin da suka sayar bayan shekara 35, sai dai wannan dama ba ta shafi aikin haya ba, kuma kusan duk manyan finafinan Hollywood a wannan rukuni suke. A Faransa lamarin ya sha bamban, domin can doka tana ɗaukar darakta a cikin mawallafan fim, kuma ba a kammala haɗin ƙarshe sai da amincewarsa.

Idan aka yi lissafi da wancan wa'adi na shekara 95, za a ga girman abin da Coogler ya samu. Warner Bros. zai ci moriyar shekara 25 na farko, waɗanda a cikinsu ne fim yake tara mafi yawan kuɗinsa, amma sauran kimanin shekara 70 za su zama na daraktan da magadansa.

Daga filin wasa zuwa bayan kyamara

An haifi Ryan Coogler a ranar 23 ga Mayun 1986 a birnin Oakland na jihar Kalifoniya. Mahaifinsa yana aikin kula da yaran da suka yi laifi, mahaifiyarsa kuma ma'aikaciyar ƙungiyoyin al'umma ce. Ya shiga kwalejin Saint Mary's da tallafin karatu saboda iya ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga, kuma a can ne wata malamar rubutu, Rosemary Graham, ta karanta wani aikinsa ta ba shi shawarar ya gwada rubuta labarin fim. Da kwalejin ta rushe ƙungiyar ƙwallonta a 2004, sai ya koma jami'ar jiha da ke Sacramento, ya karanta harkar kuɗi, daga nan ya wuce makarantar fim ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Karatun harkar kuɗin nan ba ƙaramin abu ba ne ga mai son fahimtar yadda ya zauna teburin ciniki daga baya.

Fim ɗinsa na farko, Fruitvale Station, ya fito a 2013, kuma ya ba da labarin ranar ƙarshe ta Oscar Grant, matashi baƙar fata ɗan shekara 22 da wani ɗan sandan jirgin ƙasa ya harbe a Oakland ranar 1 ga Janairun 2009. An shirya shi da kuɗin da bai kai dala miliyan 1 ba, ya lashe manyan kyaututtuka biyu a bikin finafinai na Sundance, ya kuma tara kimanin dala miliyan 17. A 2015 ya fitar da Creed, wanda ya farfaɗo da jerin finafinan dambe na Rocky, ya tara fiye da dala miliyan 170. Sai kuma Black Panther a 2018, wanda ya haura dala biliyan 1.3, ya samu kyaututtukan Oscar guda uku, kuma shi ne fim ɗin da aka haska lokacin da Saudiyya ta sake buɗe sinima a Riyadh bayan fiye da shekara talatin. Kashi na biyu na fim ɗin ya fito a 2022, bayan rasuwar jaruminsa Chadwick Boseman a 2020, ya tara sama da dala miliyan 850.

Abin lura a wannan jeri shi ne babu ɗaya daga cikin manyan finafinan da yake mallakar Coogler. Black Panther na kamfanin Marvel ne da kamfanin Disney da ya mallaki Marvel, Creed kuma ya tsiro ne daga labarin da wasu suka riga suka mallaka. Ya kuma ga misali a kusa da shi: Sylvester Stallone, wanda ya rubuta Rocky na 1976 ya kuma fito a matsayin jaruminsa, ya sha kokawa a bainar jama'a cewa ba shi da ko ƙwayar kaso a mallakar aikin da ya ƙirƙira. Sinners shi ne karon farko da Coogler ya zo da labarin da ya fito daga kansa kacokan, ba daga tarihin wani ko littafin wani ba, kuma ya shirya shi ta kamfaninsa Proximity Media, wanda ya kafa tare da matarsa Zinzi Coogler da abokin aikinsa Sev Ohanian.

Labarin fim ɗin da kansa yana da alaƙa da sharaɗin. Ya faru ne a 1932 a garin Clarksdale na jihar Misisipi, a zamanin dokokin wariyar launin fata, inda wasu tagwaye baƙar fata, waɗanda Michael B. Jordan ya fito a matsayinsu su biyun, suka sayi wani tsohon gini don buɗe gidan kiɗa nasu na kansu, sai wasu halittu masu shan jini suka far musu a daren farko. Coogler ya bayyana cewa tunawa da kawunsa James, mutumin Misisipi mai son kiɗan buluz na baƙar fatar Amurka, ita ta sa shi rubuta labarin, kuma tunda jigon fim ɗin shi ne baƙar fata ya mallaki abin da ya gina, yana son fim ɗin ya zama gadon iyalinsa. Tarihin kiɗan buluz cike yake da mawaƙan da suka mutu cikin talauci yayin da kamfanoni ke cin ribar waƙoƙinsu, don haka Amurkawa baƙar fata da dama sun fahimci saƙon ba tare da an yi musu dogon bayani ba.

Me ya sa Warner Bros. ya amince

A farkon 2024 kamfanoni da dama suka shiga takarar samun fim ɗin, kuma Warner Bros. ne ya yi nasara a ƙarƙashin shugabannin sashen finafinansa, Michael De Luca da Pamela Abdy. Halin da kamfanin yake ciki a lokacin yana bayyana da yawa daga dalilan. A 2021 ya fitar da duk finafinansa na shekarar a sinima da manhajarsa ta HBO Max a rana guda, matakin da ya fusata daraktoci, har Christopher Nolan, wanda ya shafe kusan shekara ashirin tare da kamfanin, ya kai fim ɗinsa Oppenheimer kamfanin Universal. A 2022 kuma ya jingine fim ɗin Batgirl bayan an kashe masa kimanin dala miliyan 90 kuma an kusa kammala shi. Kamfanin da sunansa ya ɓaci a wurin masu fasaha yana buƙatar abin da zai nuna musu cewa ƙofarsa a buɗe take, kuma sharuɗɗan Coogler sun zama farashin wannan gyaran suna.

Akwai kuma lissafin kasuwa tsagwaronsa. Daraktan da finafinansa huɗu suka tara fiye da dala biliyan 2 ba kowace rana ake samunsa ba, kuma dalar da za ta shigo a 2051 ba ta da nauyin dalar da za ta shigo bana a ma'aunin shugaban kamfanin da ake auna aikinsa duk wata uku.

Ba Coogler ne farau ba

Yunƙurin masu fasaha na riƙe aikinsu ya kusa tsufan Hollywood kanta. A 1919 Charlie Chaplin da Mary Pickford da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa kamfanin United Artists don su rarraba finafinansu da kansu, kuma a shekarar ce Oscar Micheaux, baƙar fata, ya fitar da fim ɗinsa na farko ta kamfanin kansa, tunda manyan kamfanoni ba sa buɗe wa irinsa ƙofa. George Lucas ya riƙe haƙƙin ci gaban labarin Star Wars da na kayan wasan yara, abin da ya kai shi ga sayar da kamfaninsa ga Disney a kan kimanin dala biliyan 4 a 2012. Misali mafi kusa shi ne na Quentin Tarantino, wanda aka ruwaito cewa yarjejeniyarsa da kamfanin Sony a kan fim ɗinsa na 2019 ta tanadi komawar mallaka gare shi bayan wasu shekaru. Magoya bayan Coogler sun riƙa nuni da wannan, suna tambayar dalilin da ya sa waccan ba ta tayar da hankali kamar wannan ba.

Tarihin yana da ɗaya fuskar. Michael Cimino ya samu 'yanci mai faɗi a fim ɗin Heaven's Gate na 1980, aka kashe kimanin dala miliyan 44, abin da ya dawo bai kai miliyan 4 ba, kuma a shekarar da ta biyo baya aka sayar da United Artists, kamfanin da ya ɗauki nauyin fim ɗin. Francis Ford Coppola kuwa ya zaɓi mallaka cikakkiya ta hanyar zuba kuɗinsa, kimanin dala miliyan 120, a fim ɗin Megalopolis na 2024, wanda bai tara ko kashi ɗaya bisa biyar na hakan a sinima ba. Bambancin Coogler shi ne ya samu mallakar ba tare da ya ɗauki wannan kasada da aljihunsa ba, kuma nan ne ainihin inda ake jayayya.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu suka suna cewa darajar kamfanin fim tana cikin rumbunsa ne, wato tarin tsofaffin finafinan da yake ci gaba da bayar da hayarsu ga gidajen talabijin da manhajojin kallo shekara da shekaru. Lokacin da Amazon ya sayi kamfanin fim na MGM a kan dala biliyan 8.45, finafinai kusan 4,000 da ke rumbun ne babban abin da ya biya wa kuɗi. Yawancin finafinai ba sa mayar da kuɗinsu a sinima, kuma 'yan kaɗan da suka yi nasara su ke rufe asarar sauran. Idan har waɗanda suka yi nasarar za su riƙa ficewa daga rumbu bayan shekara 25, alhali waɗanda suka faɗi suna nan a wuyan kamfani, to, a ganinsu, kamfani zai daina sa kuɗi a sabon labarin da ba a gwada ba, ya koma ga maimaita tsofaffi.

Masu goyon baya suna amsawa da cewa shekara 25 lokaci ne da ya isa kowane mai jari ya fanshe kuɗinsa ninki-ba-ninki, kuma fim ɗin da ya kai wannan shekaru yana da daraja, yawanci sunan wanda ya yi shi ne ya raya shi. Sun kuma yi ƙorafi kan yadda wasu jaridu suka ba da labarin kwanakin ƙarshen makon farko, inda fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala miliyan 90 ya tara miliyan 48 a Amurka da Kanada, amma aka fi mayar da hankali kan cewa riba tana da nisa. A kwanakin ƙarshen mako na biyu ya sake tara kimanin miliyan 45, raguwar da ba kasafai ake ganin ƙanƙantarta ba, kuma a ƙarshe ya haura dala miliyan 360 a duniya. A Janairun 2026 aka sanya shi takarar Oscar a rukuni 16, adadin da babu fim ɗin da ya taɓa kaiwa.

Nasarar ta rufe bakin masu cewa kamfanin zai yi asara, amma ba ta amsa tambayar masu suka ta asali ba, wato me zai faru idan irin wannan sharaɗi ya zama ruwan dare. Abin da hujjojin da ke ƙasa suke nunawa shi ne da wuya ya zama hakan. Daraktocin da sunansu kaɗai ke cika sinima ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma Coogler da kansa ya nuna cewa buƙatar ta shafi wannan fim ne saboda abin da yake nufi ga iyalinsa. Ya kamata kuma a lura cewa kusan kashi uku bisa huɗu na kuɗin fim ɗin daga Amurka da Kanada suka fito, abin da kamfanoni za su riƙa tunawa duk lokacin da wani ya zo da makamanciyar buƙata.

Abin da zai shafi ma'aikata da 'yan kallo

Ga dubban ma'aikatan da ke riƙe fitila, da masu ɗinka kaya, da direbobi, da ƙananan jarumai, yarjejeniyar ba ta canza komai kai tsaye, domin albashinsu da ɗan kason da wasunsu ke samu idan an sake nuna fim suna fitowa ne daga yarjejeniyar ƙungiyoyin ƙwadago. A can ne aka yi nasu yaƙin a 2023, lokacin da marubuta suka yi yajin aiki na kwana 148, jarumai kuma na kwana 118, a kan kason manhajojin kallo da amfani da ƙirƙirarriyar basira. Sabon darakta ma ba zai iya neman abin da Coogler ya nema ba, sai dai lauyoyin matsakaitan daraktoci sun samu misalin da za su riƙa ajiyewa a kan tebur, ko da a ƙarshe ikon haɗin ƙarshe kawai za su samu, ko wani kaso mai tsabta.

Ga mai kallo, tasirin yana wurare biyu. Na farko, nasarar labarin da ba ci gaban wani tsohon fim ba ne tana ƙarfafa wa kamfanoni gwiwar sake gwada irinsa. Na biyu ya shafi wanda ke yanke hukuncin inda za a ga fim bayan shekaru. Kamfani yana iya cire fim daga manhajarsa don rage kashe kuɗi, kamar yadda HBO Max ya yi da wasu ayyuka a 2022, amma mutumin da fim ɗin yake gadonsa yana da dalilin adana shi da sake fitar da shi. Masu bin finafinan Hausa sun ga wani abu mai kama da haka, lokacin da kasuwar faifai ta mutu harka ta koma YouTube, inda wanda ke riƙe da haƙƙin tsohon fim ne yake cin moriyarsa, ba lallai wanda ya ba da umarninsa ba.

Mutanen Clarksdale, garin da labarin ya faru, ba su da gidan sinima, kuma sai da mazauna garin suka yi kira a fili kafin aka shirya musu nuni na musamman a ƙarshen Mayun 2025, wanda Coogler ya halarta. A ƙarshen shekarar kuma Netflix da Paramount suka shiga takarar sayen Warner Bros., ciniki da rumbun finafinan kamfanin yake cikin manyan abubuwan da ake sa wa farashi. Duk wanda rumbun ya ƙare a hannunsa zai riƙe Sinners ne zuwa 2050 kawai, lokacin da Coogler zai cika shekara 64.